'Yan mishan na son gina mana rijiya da ɗakin shan magani: mu karɓa ko mu ƙi?

"Assalamu alaikum Baba. Ni malamin firamare ne, ɗan wani ƙauye da ke da tafiyar awa biyu a babur kafin a kai asibitin da ya fi kusa da mu. Wata ƙungiyar mishan ta zo wurin mai garinmu ta ce tana son ta haƙa mana rijiyar burtsatse, ta buɗe ɗakin shan magani, ta kuma riƙa kula da yara masu tamowa. Garin kusan duk Musulmi ne, sai 'yan gidaje kaɗan na Kirista. Yanzu gari ya rabu biyu. Wasu sun ce ruwa ba ya tsami banza, addininmu ake nema. Wasu sun ce matanmu na mutuwa a hanya wajen haihuwa, mu karɓa. Mai gari ya ce tunda ni na yi boko, in ba da shawara. Na ji an ce ka daɗe kana aiki da irin waɗannan mutane. Mece ce gaskiyar aikinsu a karkara, kuma me zan faɗa wa mai gari?"

Wa alaikumus salam Malam. Na gode da wannan tambaya, kuma ina gaishe da mai gari da dattawan garinku. In na fahimce ka da kyau, abu biyu ne ke cin ran mutanenku: ko wannan aiki zai amfane su da gaske, da kuma ko akwai wani farashi a ɓoye wanda za a biya da addini. Ni kuwa zan ƙara maka na uku, wanda ba ka tambaya ba amma shi ya fi damuna duk lokacin da na ji labari irin naku. Ranar da motar waɗannan mutane ta daina zuwa garin, ko bayan shekara uku ne ko goma, me zai rage a hannunku?

Kafin in ci gaba gara ka san mai ba ka amsa. Ni Bahaushe ne Kirista, kakana Bamaguje ne, kuma fiye da rabin dangina Musulmi ne. Tare muke suna, tare muke zaman makoki. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin malamin lafiya a karkara, rabin farko a ɗakunan shan magani na mishan, sauran a ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Mishan ce ta koya mini riƙe sirinji, don haka ka auna maganata da wannan a ranka. Hukuncin addini a kan karɓar taimako daga wanda ba Musulmi ba kuwa ba hurumina ba ne, na limaminku ne da malaman da kuka amince da su. Abin da zan ba ka shi ne abin da idona ya gani.

Yadda mishan da magani suka haɗu a ƙasarmu

Wa'azi ne ya kawo 'yan mishan, kuma su kansu ba su taɓa ɓoye haka ba. A 1893 wasu samari uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan, wato yankinmu. Biyu daga cikinsu rashin lafiya ya kashe su a shekarar da ta biyo, sai a 1902 ƙungiyarsu ta mishan, Sudan Interior Mission (SIM), ta samu zama a Patigi, a ƙasar Nufe. A 1900 Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglika, suka isa Kano, Sarkin Kano Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Da Turawa suka ci ƙasar, Gwamna Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, saboda haka gwamnatin mulkin mallaka da kanta ta riƙa taƙaita shigar mishan cikin masarautu. Shi ya sa tsofaffin asibitocinsu suke a gefe: Vom a Filato tun 1922, Garkida a Adamawa, inda mishan ta kafu a 1923, sai Wusasa, inda mishan ta koma daga cikin birnin Zariya a 1929. Daga Wusasar nan ne Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, ya fito.

Kuturta ce ta buɗe musu ƙofar masarautu. A ƙarshen shekarun 1930 aka damƙa wa SIM kula da matsugunan masu wannan ciwo a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, a lokacin da babu maganin kirki kuma ba kowa ke yarda ya wanke wa mai ciwon gyambo ba. Daga nan sai asibitin ido na Kano a 1943, asibitin Galmi a Nijar a 1950, da Jankwano a Jos a 1959.

Na kawo maka wannan tarihi ne don ka ga cewa kowane ɓangare a garinku yana riƙe da wata gaskiya. Masu cewa a karɓa suna da hujja: shekara tamanin ke nan Musulmi na zuwa asibitin ido na Kano a cire musu yana, su koma gida da idonsu da sallarsu. Galmi ma, akasarin waɗanda take yi wa magani Musulmi ne. Masu tsoro su ma ba mafarki suke yi ba. A matsugunan kutare mutum yakan yi shekaru nesa da danginsa, yara suna tashi a hannun mishan, kuma da yawa daga cikin Hausawa Kiristoci na farko a waɗannan larduna ta nan suka fito. Na san tsofaffi daga cikinsu waɗanda bangaskiyarsu ta zuci ce, ba wanda ya saye ta. Duk da haka, a matsayina na Kirista nake faɗa maka, marar lafiyar da ba shi da wani wurin zuwa ba ya da cikakken ikon cewa a'a, kuma duk mai ba da magani wajibi ne ya ji tsoron Allah a kan wannan.

Yau kuma kalmar mishan ta faɗaɗa. Yawancin waɗanda za ka gani 'yan ƙasa ne, daga majami'u irin su ECWA ko COCIN ko EYN ko Katolika ko wata majami'ar birni, ko da kuɗin daga waje yake zuwa. Akwai masu tsohon asibiti da rajista da likitocin da za a iya kai ƙararsu. Akwai kuma ƙungiyar mutum ɗaya da wayarsa, wanda hoton yaranku yake buƙata don ya tara kuɗi. Aikinka na farko shi ne ka san wace iri ce ta zo muku.

Maganar addini, a fili

Kada mai gari ya ji nauyin yin wannan tambaya ƙarara. In ƙungiyar mishan ta ce muku ita ba ruwanta da wa'azi ko kaɗan, ni sai in ƙara yin hattara da ita, don da wuya a ce ta faɗi duka gaskiya. Na fi amincewa da wanda zai ce: mu Kirista ne, muna addu'a da safe kafin mu fara aiki, wanda ya tambaye mu abin da muka gaskata za mu faɗa masa, amma magani na kowa ne, ba a tambayar addinin mai karɓa. Da irin wannan ana iya zama a shata iyaka.

Iyakar kuwa ba ku kuka ƙirƙiro ta ba. A 1994 ƙungiyar Red Cross da manyan ƙungiyoyin agaji, har da na coci, suka amince da wata ƙa'idar aiki da ta ce buƙata kaɗai ake dubawa wajen ba da agaji, kuma ba a amfani da shi don tallata addini ko siyasa. A 2011 Majalisar Majami'un Duniya da fadar Fafaroma da haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu bishara ta duniya suka fitar da takarda ɗaya da ta yi Allah wadai da cin moriyar talaucin mutane ko jawo su da abin duniya. In kun ce ba ku yarda a haɗa katin magani da wa'azi ba, maganarsu ce kuka mayar musu.

Na ga inda aka ƙetare wannan iyaka. A wani wuri da na yi aiki, wani mai wa'azi ya ɗauki al'adar riƙe katunan marasa lafiya a hannunsa, ba ya rabawa sai ya gama jawabi. Wata safiya ina kallon wata uwa da yaro yana sanƙarewa a bayanta saboda zazzaɓi, tana tsaye tana jira. Na karɓi yaron na shiga da shi, kuma da yamma muka yi zama mai zafi. Aka daina, amma garin bai manta ba. An yi fiye da shekara kafin wasu magidanta suka sake barin matansu zuwa awon ciki. Na kuma ga inda aka kiyaye iyakar, har liman da kansa yake sanarwa bayan sallar Juma'a cewa gobe ranar rigakafi ce.

Wurin da ba a sassauci shi ne yara. Ba a koya wa ɗan wani addini a wurin ba da abincin tamowa, kuma ba a ɗauki yaro zuwa makarantar kwana ko birni ba sai da yardar ubansa da uwarsa da sanin mai gari. Ka kuma tuna da 'yan gidajen Kiristan nan na garinku. Kada a mai da su masu tsaron ƙofar aikin, kada kuma a ɗora musu laifi in wani abu ya ɓaci. Baƙo raɓa ne, su kuwa tare za ku ci gaba da zama.

Shekarar ƙauye

Babban kuskuren mai kawo taimako, ɗan mishan ne ko ma'aikacin gwamnati ko na ƙungiyar Musulunci, shi ne ya ɗauka ƙauye wuri ne da mutane ke zaune suna jiran a zo a cece su. Kai ka san ba haka ba ne. Kafin rana ta ɗaga matar ƙauye ta yi surfe, ta dama koko, ta tura yara ɗebo ruwa da itace, ta ɗora wa yarinya tallar da za ta kawo kuɗin cefane. Mai gida yana gona tun asuba. Kowace sa'a da aka ce su zo taro, daga wani aiki aka yanke ta.

Shekarar ma tana da tafiyarta. Ruwa ya sauka a yi shuka, a shiga noman fari, a yi maimai. Zuwa Agusta rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, gero bai nuna ba. A daidai wannan lokaci sauro ke yawa, zazzaɓi ke kwantar da yara, gudawa ke biyo baya, tamowa ke bayyana, rafi ya cika ya yanke hanya. Komai yana haɗuwa a wata biyu zuwa uku: aiki ya fi yawa, abinci ya fi ƙaranci, ciwo ya fi tsanani, kuɗi babu. Da kaka a ɗan numfasa, a biya bashi, a yi aure. Da rani samari su tafi ci-rani, garin ya rage tsofaffi da mata da yara. Da bazara rijiyoyi su ja baya, zafi ya kawo ƙyanda da sanƙarau.

To ka lura da lokacin da masu zuwa rabon magani na kwana uku suka fi zuwa: Disamba da Janairu, lokacin da hanya ta bushe, gari ya yi sanyi, su kuma suna hutu. Wato lokacin da ya dace da su, kuma lokacin da ƙauye ya fi ƙarancin buƙata. Za su raba maganin tsutsa da na ciwon jiki, su auna hawan jini su ba da ƙwayar wata ɗaya ga ciwon da ke son magani har ƙarshen rai, su tafi. Ban ce banza ba ne, an sha gano mai yanar ido ko mai gwaiwa a irin wannan zuwa har aka yi masa aiki. Amma in kana son ka gane ƙungiya da tambaya ɗaya, tambaye su ina za su kasance a watan Agusta, kuma wa zai kwana a garin in rafi ya cika.

Ni ma na yi irin wannan kuskure. Farkon aikina na sa ranar awon yara a ranar da kasuwar garin da ke maƙwabtaka da mu take ci. Mata ba su zo ba, na rubuta a rahoto cewa iyaye ba su damu da lafiyar 'ya'yansu ba. Wata tsohuwar ungozoma ce ta zaunar da ni ta ce, "Ɗan nan, ranar nan ce suke sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. In sun zo wurinka, me yaran za su ci?" Muka mai da awon washegarin kasuwa, benci bai ishe mu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma har yau ina jin kunyar wannan rahoto.

Akwai kuma abin da ƙauye ya mallaka tun kafin kowa ya zo: gayya, adashi, gudummawar biki, zakkar hatsi da kaka, rancen dami tsakanin maƙwabta. Taimakon da bai yi hankali ba yana iya kashe su. Na san garin da kowace shekara samari ke gyara hanyarsu da gayya kafin damina. Wani shiri ya zo ya biya su kuɗi a kan wannan aikin har shekara biyu. Da shirin ya ƙare, aka buga gangar gayya, kowa ya ce nawa za a ba shi.

Rijiyar

Haƙa rijiyar burtsatse aikin mako ɗaya ne ko biyu, riƙe ta kuwa aikin shekara ashirin. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya sha nuna cewa tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na famfunan tuƙa-tuƙa ba sa aiki a kowane lokaci aka duba. Yawanci ba ruwan ne ya ƙafe ba. Roba ce ta cinye, ko sanda ta tsinke, ko sarƙa ta karye, abin da kuɗinsa bai kai na ɗan akuya ba. Amma ba wanda ya san inda ake sayar da shi, ba wanda aka koya wa kwancewa, kuma kowa na cewa famfon mishan ne, su zo su gyara abinsu.

Saboda haka tun kafin injin haƙa ya iso a gama magana a kan wurin. A tambayi mata da 'yan matan da ke ɗebo ruwan, don su suka san nisan. Kada a kafa ta a harabar majami'a, ko a ƙofar gidan wani babba inda wanda ba ya shiri da shi zai ji nauyin zuwa. A nesanta ta daga masai da aƙalla mita 30. In da hali a haƙa ta a gwada ƙarfin ruwanta a ƙarshen rani, lokacin da ruwan ƙasa ya fi yin nisa, don rijiyar da aka gwada da kaka tana iya yaudara. A zaɓi irin famfon da ake samun kayan gyaransa a kasuwar da kuke ci, a koya wa mutum biyu gyara, kuma su kasance waɗanda ba sa tafiya ci-rani. Kuɗin gyara a tara shi da kaka, ko da mudun hatsi ne daga kowane gida, kada a jira sai famfo ya tsaya a watan Afrilu a fara bin gida-gida. Mai amfani da hasken rana ya fi ba da ruwa kuma ya fi sauƙi ga mata, amma in injinsa ya ƙone kuɗin ya fi ƙarfin yawancin ƙauyuka, kuma farantansa na jawo ɓarayi. In akwai rugar Fulani kusa, a sa su cikin maganar tun farko, a yi wa dabbobi kwami a gefe da lokacin shayarwa.

Akwai wani labari daga Maraɗi da nake so ka ba mai gari. Wani ɗan mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya zo Nijar a farkon shekarun 1980 yana dashen itatuwa don tare hamada. Yawancin abin da ya dasa mutuwa yake yi, rana ta ƙone, awaki su cinye. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. In aka bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka datse sauran, cikin 'yan shekaru kalgo ko sabara ko gawo ya tashi. A yunwar 1984 aka haɗa wannan da rabon abinci, mutane da yawa suka bi. Da rabon ya ƙare, akasarinsu suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu ne suka ga itacen girki a gona, da ganyen dabbobi, da ƙasar da iska ta daina kwashewa, maƙwabta kuma suka kwaikwaya ba tare da an ba su ko ƙwayar hatsi ba. Abin da ya ƙara masa ƙarfi shi ne da manoma suka tabbata itacen gonarsu nasu ne, malamin daji ba zai ci su tara ba. Ana kiran abin sassaben zamani, kuma an ƙiyasta ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Ka duba da kyau: ɓangaren da aka saya da abinci ya mutu tare da abincin, ɓangaren da manomi ya iya yi da laujensa shi ya wanzu.

Ɗakin shan maganin

Abubuwan da suka fi ceton rai a ƙauye ƙanana ne. Gwajin zazzaɓin cizon sauro da maganinsa a rana ta farko. Ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki ga mai gudawa. Rigakafi a kan lokaci, da maganin kariya daga zazzaɓi da ake ba yara wata-wata da damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Ɗan tef ɗin auna damtsen yaro, wanda in ya nuna ƙasa da santimita 11.5 an san tamowa ta yi tsanani, kuma uwa ma tana iya koyon auna shi. In ɗakin shan magani ya yi waɗannan kullum, har da Agusta, za ku ga bambanci a maƙabartar yara.

Amma ka faɗa wa masu cewa a karɓa saboda mata wata gaskiya mai ɗaci: ɗakin shan magani ba ya yin tiyata, ba ya ƙarin jini. Macen da ɗa ya gicciye mata ko jini ya ɓalle mata, dole sai babban asibitin nan mai tafiyar awa biyu. Abin da ƙaramin wuri zai yi shi ne awon ciki, gane haɗari da wuri, da tura mace kafin ta galabaita. Mukan ce kada rana ta faɗi sau biyu mace tana kan gwiwa, don doguwar naƙuda ce ke kawo yoyon fitsari, ciwon da yau ake yi wa aiki a Babbar Rugar nan da ta fara da kutare. Sauran aikin na gari ne: mai mota ko mai babur da aka yi magana da shi tun kafin dare, asusun mai, samarin da suka san rukunin jininsu, da magidanta su bar izini a gida cewa in naƙuda ta yi tsanani ba sa nan a tafi da matar. Na rasa mata saboda jiran wannan izini kaɗai. Kuma in babu ma'aikaciya mace a wurin, rabin matan garinku ba za su taka shi ba.

Game da kuɗi, kyauta zalla tana da daɗin ji amma ba ta daɗewa. Tun yarjejeniyar da ministocin lafiyar Afirka suka cimma a Bamako a 1987 ake gwada tsarin sayar da magani da ɗan sauƙi a juya kuɗin a sake sayo wani. Yana aiki in akwai amana da littafin da kwamiti ke dubawa, kuma in an ware asusu don gwauraye da marayu da wanda ba shi da ko sisi a Agusta. Nan ne zakka da sadakar garin za su iya shiga, wurin ya zama naku da gaske. Ku kuma nemi su ɗauki nauyin karatun yaro ɗaya da yarinya ɗaya 'yan garin a makarantar koyon aikin lafiya ko ta ungozoma. A shekarun 1970 shirin lafiya na Garkida ya yi suna a kan haka: gari ne ke zaɓen mutanensa, a horar da su, su dawo suna koyar da tsafta da rigakafi ta hanyar labari da waƙa.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne na ga tafiyar masu taimako ba sau ɗaya ba. A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe makarantu da asibitocin mishan da dama. Rashin tsaro ya kori ma'aikata daga wurare da yawa, Garkida kanta an kai mata hari a Fabrairun 2020. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe USAID, hukumarta ta ba da agaji a ƙasashen waje, wuraren ba da abincin tamowa da dama suka tsaya cikin 'yan makonni. Ko mutanen kirki ne, kuɗinsu ba a hannunsu yake ba.

Abin da zan faɗa wa mai gari

Ƙin karɓa haƙƙinku ne, kuma ba wanda zai zarge ku. Sai dai wanda ya ce a ƙi, ya ɗauki nauyin nemo madadin: a je ƙaramar hukuma, a je hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiha (RUWASSA), a buga ƙofar Jama'atu Nasril Islam ko ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN ko hukumar zakka da waƙafi, a tara 'yan garin da ke birni. Ƙin da ba shi da madadi, mata da yara ne ke biyan kuɗinsa, kuma ba su ne ke zama a zauren da ake yanke shawara ba. Karɓa ido rufe kuma shi ne ke haifar da rigimar da ake tsoro. Ni da za a tambaye ni, zan ce a karɓa da sharaɗi a rubuce, in ƙungiyar ta ci jarrabawa.

Jarrabawar ba ta da wuya. Su nuna takardar rajistarsu da izinin ma'aikatar lafiya ta jiha, da lasisin wanda zai riƙa ba da magani, kuma shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya san da zuwansu. Su faɗi sunan wani gari da suka yi aiki shekara biyar ko fiye. Ku je can ba tare da su ba, kai da wakilin liman da wata dattijuwa. Ku tuƙa famfon da hannunku, ku gana da limamin garin, ita kuma ta shiga cikin gidaje ta ji ta bakin mata. Abin da za ku ji a yini ɗaya ya fi duk abin da na rubuta maka, don ni ƙungiyoyi na sani a jumlace, wannan ɗin kuwa sai waɗanda suka zauna da ita.

In kun gamsu, a rubuta yarjejeniya da Hausa, a karanta ta a bainar jama'a, hakimi ya sa hannu a matsayin shaida. A rubuta cewa filin aro ne don aikin lafiya da ruwa kaɗai, ba sayarwa ba, kuma in an daina aikin gini da fili sun koma ga gari. A rubuta maganar wa'azi da ta yara kamar yadda muka faɗa, da cewa ba a ɗaukar hoton marar lafiya sai da izininsa. A sa kwamiti mai liman, da mutum ɗaya daga gidajen Kirista, da ungozomar gari, da wakilin Fulani in akwai. A kuma rubuta shekarar da za a sake zama a duba, da yadda kowane ɓangare zai iya janyewa ba tare da faɗa ba. Kafin a sa hannu, ka roƙi mai gari ya bar mata su yi nasu zaman a cikin gida, ba namiji a wurin, ungozoma ta kawo muku abin da suka ce game da inda za a kafa rijiyar da ranar da ta dace da awon ciki.